Taurari ukun da ke bayan Zuhal

Ɗana, daren jiya bayan isha'i ka miƙo mini wayarka da tambaya, barci kuma ya riga ya ci ƙarfina, na ce ka bari sai da safe. To ga safiya. Cewa ka yi ka ga masu duban taurari na Turai da Amurka suna fassara yaƙe-yaƙe da juyin mulki da zagayen wasu taurari uku, Yuranus da Neftun da Fuluto, kana so ka ji me ya sa shekara huɗu kana gabana ban taɓa ambata maka su ba. Har da cewa ko ɓoye maka nake yi. Ban ɓoye maka komai ba. Gyara zama.

Mu taurari bakwai muka gada: Rana, Wata, sai Uɗaridu, Zahara, Mirriku, Mushtari da Zuhal, waɗanda Turawa ke kira Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn. Duk wanda ya kwana a waje da bazara ya gan su da idonsa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda iliminsa na hisabi ya kai shi har Alƙahira ya rasu can a 1741, bakwai ɗin nan ya sani. Sai bayan shekara 40 da rasuwarsa, a 1781, William Herschel ya hango Yuranus da madubin hangen nesa a garin Bath na Ingila. Fuluto kuwa sai 1930, a Arizona ta Amurka. Na tsakiyan, Neftun, shi ne wanda labarinsa ke faranta mini rai. Wani Bafaranshe, Le Verrier, ya bi yadda Yuranus ke kauce wa inda lissafi ya ce ya kamata ya kasance, ya ce lalle akwai wani abu a baya da ke jansa. Ya zauna da alƙalami ya fitar da wurin, ya aika wasiƙa Berlin. A daren da wasiƙar ta isa, a Satumbar 1846, aka juya madubi aka same shi kusa da inda ya faɗa, tazarar ba ta wuce daraja ɗaya daga cikin 360 na da'irar sama ba. Wannan shi ne sana'armu, ɗana. Ka faɗi wuri da lokaci tun abu bai zo ba, sannan a duba a gani. Rana ba ta ƙarya.

Dabarar karanta tarihi da haɗuwar taurari kuwa, ba masu duban Turai da Amurka suka ƙago ta ba. Ƙirani muke ce mata, wato taurari biyu su zo daraja ɗaya a burji ɗaya daga cikin gidaje 12 da aka raba hanyar taurari a sama. Abu Ma'ashar na Balkh, wanda ya zauna Bagadaza ya rasu a 886, shi ya yi mata gini: Mushtari da Zuhal suna haɗuwa duk shekara 20, ya ce wannan na canjin sarakuna ne, duk shekara 240 haɗuwar tana ƙaura daga burujan wuta zuwa na ƙasa, ko na iska, ko na ruwa, ya ce wannan na canjin dauloli ne, zagaye ya cika a 960. Turawa sun fassara littattafansa zuwa Latin suka yi ta karantawa ɗaruruwan shekaru. Da madubi ya ƙaro musu taurari uku, sai suka ɗora su a kan tsohon ginin.

Ɗauko allonka, lissafin ba wuya. Mushtari na cin daraja kusan 30 a shekara, Zuhal kusan 12. Bambanci 18. Raba 360 da 18, ka ga 20. Zuhal da Neftun kuma, 12 da ɗoriya ka cire 2 da ɗoriya, saura 10, ka samu 36. Riƙe wannan 36 ɗin, domin a kanta hujjarsu mafi ƙarfi take. Zuhal da Neftun sun haɗu a 1917, shekarar juyin gurguzu a Rasha. Suka sake haɗuwa a 1952 zuwa 1953, Stalin ya mutu a Maris na 1953. Suka sake a 1989, katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba. André Barbault, wani Bafaranshe da ya tsufa a wannan aiki ya rasu a 2019, ya nuna 1989 da yatsa tun ba ta zo ba. Ba na hana shi yabonsa. Mutumin da ya yarda ya rubuta magana kafin lokaci ya sa wuyansa a igiya, kuma irinsa ba su da yawa a cikinsu.

Na san abin da ya kama zuciyarka. Ka ga an ce Yuranus da Fuluto sun haɗu a burjin Sumbula a 1965 da 1966, kai kuma ka tashi kana jin labarin 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, da yaƙin basasar da ya biyo baya. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni ma da na fara gani sai da gabana ya faɗi.

Amma sa ido ka ga yadda ake saƙa tabarmar. Taurari biyar suke aiki da su, idan ka haɗa da Mushtari da Zuhal. Biyar, in ka jera su bibbiyu, goma ne. Kowane biyu kuma ba ƙirani kaɗai ake ƙirga musu ba, akwai muƙabala in sun fuskanci juna, akwai tarbi'i sau biyu in daraja 90 ta raba su. Arba'in ke nan. Sannan ba sa tsayawa a kan ranar haɗuwa. Wasunsu na ba da rangwamen daraja 15 kafin da bayan, da haka ƙiranin 1965 ya miƙe ƙafa daga 1960 har 1972. Shekara 12! Nuna mini ƙasar da ta yi shekara 12 ba mutuwar babba, ba yunwa, ba rikici. Mai irin wannan taru, ko a kududdufi ya jefa sai ya fito da kifi.

Dubi yadda suke yi da Zuhal da Fuluto, waɗanda suke kira na yaƙi da ƙunci. Sun haɗu a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya, madalla. Yaƙi na Biyu da ya fi shi ɓarna ya ɓarke a 1939, babu ƙirani, sai a ce ai akwai tarbi'i. Harin 11 ga Satumbar 2001, babu ƙirani, sai a ce ai muƙabala ce. Haɗuwar 1947 ba ta kawo yaƙin duniya ba, sai a nemo rabuwar Indiya da Pakistan a manna mata. Ta Janairun 2020 aka ba ta korona. Kowace ƙofa ka toshe akwai ta baya.

Kuma tarihin wa ake karantawa? Tauraro ɗaya ne a kan Paris da kan Zinder. A 1914 ɗin nan da suke cewa yaƙi, kakanninmu Kakalaba suka sani, yunwar da ta biyo bayan damina da ta ƙi a 1913. Farin 1973 da ya kashe dabbobin Sahel, ya taimaka wajen kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, ba za ka cika ganinsa a jadawalinsu ba, don ba a unguwarsu ya faru ba. Na taɓa gwadawa da kaina. Na ɗauki 1804, hijirar Shehu zuwa Gudu, na ɗauki 1903, shigar Nasara Kano da Sakkwato, na ce bari in nema musu taurari. Ban sha wuya ba. Mushtari da Zuhal sun haɗu a 1802, sun haɗu a 1901. Daɗi ya kama ni na kwana biyu, sannan na ce bari in gwada shekarar da ban san ta da wani abu ba. Ita ma na samar mata. A nan na ajiye alƙalami.

Ga kuma abin da ba kasafai ake faɗa wa masu koyo ba: daga ina ma'anonin suka fito? An ce Yuranus na tawaye ne da juyin juya hali, saboda an gano shi tsakanin ɓallewar Amurka a 1776 da juyin Faransa a 1789. Herschel da kansa sunan Sarki George na Uku ya so ya sa masa. An ce Fuluto na mutuwa ne da abin da ke ɓoye, saboda sunan abin bautar Rumawa ne mai mulkin matattu. Wa ya ba da shawarar sunan? Yarinya 'yar shekara 11 a Oxford. Da wani sunan ta kawo, da wata fassarar kake karantawa a wayarka yau. A 2006 ma masana falaki suka taru a Prague suka sauke shi daga jerin manyan duniyoyi, masu duba kuwa ko a jikinsu.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai hisabi shi ne tsawon zagayen. Manzilolin Wata 28, wato masaukansa a sama, da nake sa ka haddace, kowace kwana 13, suna dawowa duk shekara. Manomin da ya shekara 60 ya ga Haƙ'a da Han'a da Zira'a sau 60, kakansa ma haka, ya san wacce shuka ke yi wacce ba ta yi, in lissafi ya yi kuskure rumbunsa zai gaya masa. Yuranus kuwa shekara 84 yake kafin ya zagayo, Neftun 165, Fuluto 248. Neftun sai a 2011 ya kammala zagayensa na farko tun da aka gan shi. Fuluto ko rabi bai kai ba. Neftun da Fuluto sun haɗu a 1891 da 1892, sai an yi kusan shekara 500 kafin su sake. Da wane ido aka gwada wannan? Mai magani da ya ba mutum ɗaya sassaƙe ya warke ba ya cewa ya san maganin cutar.

Magabata ma sun sha kunya a nan. A shekarar 582 bayan Hijira, wato 1186, taurarin suka taru a burjin Mizani, masu duba daga gabas har yamma suka ce iska za ta share duniya. Mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri. Ibn al-Asir ya ba da labarin cewa lokacin ya zo ya wuce iskar ba ta taso ba. Lissafin taruwar daidai ne, taurarin sun zo inda aka ce. Abin da aka rataya musu ne ya faɗi. A Turai aka sake irinta a Fabrairun 1524, wannan karon da ruwan ɗufana. Ibn Khaldun ya san hisabin ƙirani sarai, ya bayyana shi, kuma bai ɗauki hukuncinsa da daraja ba.

Ka kuma san hadisin Hudaibiyya a kan mai cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Mu da manzila muna cewa lokacin ruwa ya yi, in Allah ya so. Ba ma cewa ita ta kawo shi. Wanda ya zo zaurena ya ce in duba masa wa zai ci zaɓe, shayi nake ba shi in sallame shi.

Ban hana ka koyonsu ba. Ka koyi tafiyarsu, ka iya fitar da ranar haɗuwarsu, zai kaifafa maka hannu. Gobe ka zo mini da lissafin ƙiranin Mushtari da Zuhal mai zuwa. Na ƙarshe ya auku 21 ga Disamba 2020, ka tuna mun tsaya bayan masallaci da magariba muna kallonsu kamar za su manne. Ka fitar da shekara da wata da burji da hannunka, kada ka taɓa waya. In ka samu wani abu ba 2040 ba, ka sake daga farko. In kuma zuciyarka ta nace sai ka gwada maganarsu, sami littafi ka rubuta yau abin da kake jin haɗuwar za ta kawo, da sunan ƙasa da wata, ban da irin "za a ga canji". Ka sa kwanan wata, ka ba ƙaninka ya ajiye. Ni dai ba na jin zan kai. Yanzu tashi ka ɗauko mini buta, hantsi ya yi.