Guringuntsin gwiwa a ɗakin gwaji: amsoshin likita

Tambaya: Likita, shekaruna 24, ina buga ƙwallo. Hoton MRI ya nuna rami a guringuntsin gwiwata. An ce za a ɗebi ƙwayoyin halittarsa a raine su a mayar mini. Da gaske ana yi?

Amsa: Ana yi, ƙanena. A Gothenburg ta ƙasar Suwidin aka faro shi, Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon a 1994. Ana yanko ɗan guntu, miligiram 200 zuwa 300, daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi, a raini ƙwayoyin wasu makonni har su yawaita, sannan a dasa su a ramin. Abin da ya kawo wannan zagaye shi ne guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, in ya fashe ba ya haɗewa kamar fata.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce. Malaminmu ya ce ƙwayoyin guringuntsi suna mantuwa a ɗakin gwaji. Ƙwaya ma tana mantuwa?

Amsa: Malaminku ya faɗi daidai, 'yata, kuma nan ne gizo ke saƙar. A cikin gwiwa ƙwayar kewayayyiya ce, tana zaune a ɗan kogonta, kewaye da abin da ita ta saƙa, ga ƙarancin iskar oksijin. Da zarar an shimfiɗa ta a farantin roba, cikin 'yan kwanaki za ki ga ta baje a madubin ƙara girma, ta miƙe siririya tana kama roba. Tun ina ɗalibi wannan yake ba ni mamaki.

Ƙwayoyin gadonta suna nan yadda suke, waɗanda take kunnawa ne suka sauya. Ɗaya daga cikinsu mai suna SOX9, wanda shi ne madugun aikin guringuntsi, sai ya yi sanyi. Kolajin nau'i na 2, wato zaren furotin da ke ba guringuntsi ƙarfi, da agirikan, mai riƙe ruwa don guringuntsi ya jure nauyi, su ragu. Kolajin nau'i na 1, na fata da tabo, ya ƙaru. Duk sanda aka raba su zuwa sabon faranti abin yana daɗa tsananta, kuma in aka dasa su haka, abin da za su saƙa bai kai na asali ƙarko ba.

A 1982 Paul Benya da Joy Shaffer suka zuba irin waɗannan ƙwayoyi na zomo cikin jeli. Ƙwayoyin suka dunƙule, suka koma yin kolajin nau'i na 2. Shi ya sa masu bincike suke taƙaita yawan rabawa, suna rage oksijin, suna ba ƙwayar abin da zai kewaye ta ta kowane ɓangare.

Tambaya: Likita, shekaruna 62, amosanin gaɓɓai ya cinye mini gwiwa biyu. Wannan dashen zai yi mini?

Amsa: Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya. Gaskiya ba zai yi ba. Don ƙaramin rami aka yi shi, wanda gefensa ke da lafiya, naki kuwa saman gaɓar ne gaba ɗaya ya zaizaye. Ki ƙarfafa naman cinya da atisaye, ki rage ƙiba in akwai, ki sha maganin ciwo bisa shawarar likita. In tafiya ta gagara, ki ga likitan ƙashi kan aikin sauya gwiwa.