Baba ya ƙi sakin jiki a gidan kula da tsofaffi

Kin ce sati uku ke nan da kuka kai Baba gidan kula da tsofaffi a Birmingham, ba ya cin abinci sosai, kullum maganarsa a mayar da shi gida. Shawarata, kada ki yi gaggawar ɗauko shi, kuma kada ki rage zuwa. Ki tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan la'asar, ko da minti 20 za ki yi, don ya san yaushe zai gan ki. Ki kai masa dardumarsa, carbinsa, butar alwala da rediyon da yake jin BBC Hausa. Sannan ki zauna da shugabar gidan a rubuta a takardar kulawarsa cewa halal yake ci, namiji yake so ya yi masa wanka, a kuma nuna masa alƙibla a ɗakinsa.

Da muka kai Innarmu irin wannan gida bayan shanyewar ɓarin jiki, ashe ba ciwon ne ya fi damunta ba, kunya ce, wai za a ce 'ya'yanta sun yar da ita. Sai da muka riƙa zuwa da jikoki ranar Juma'a da kular tuwo da miyar kuka, tana nuna su ga ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ware. Amma fa idan Baba ya fara ruɗewa farat ɗaya ko kika ga yana ramewa, kada ki ce kewar gida ce, ki sa a kira likita, don ko ciwon mafitsara kan rikita tsoho haka.