Filin Tambaya da Amsa: Ina Son Rubuta wa Yara Littafi a Kan Matan da Suka Buɗe Hanya a Wasanni

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke Aboabo a Kumasi, kuma ina da niyyar rubuta ƙaramin littafi mai hotuna da Hausa a kan wata mace da ta yi fice a wasanni, domin duk gwanayen da 'yan matan ajina suka sani maza ne. Wa ya kamata in zaɓa, kuma yaya tsawon rubutun zai kasance? Shin zan iya ƙirƙirar maganganu in sa a bakinta don labarin ya yi armashi? Sannan ina tsoron wasu iyaye za su ƙi littafin saboda irin kayan da 'yan wasa ke sawa.

Daga wata malama, Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taimaka, ya kuma sa a gama lafiya.

Game da zaɓi, shawarata ita ce ki fara dubawa a gida, domin Gana tana da matan da suka cancanci irin wannan littafi. Alice Annum, wadda aka yi wa laƙabi da Baby Jet, ta je gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964 tana budurwa, ta ci lambar zinariya a dogon tsalle a Wasannin Afirka na farko da aka yi a Brazzaville a 1965, ta samo azurfa biyu a gudun mita 100 da mita 200 a gasar ƙasashen renon Ingila a Edinburgh a 1970, sannan ta lashe zinariya a dukkan tseren biyu a Legas a 1973. A fagen ƙwallon ƙafa akwai Alberta Sackey, wadda ta ci ƙwallaye biyun da Black Queens, ƙungiyar matan Gana, suka doke Ostireliya da su a gasar cin kofin duniya ta 2003, akwai mai tsaron gida Memunatu Sulemana, akwai kuma Mukarama Abdulai ta Tamale, wadda ta fi kowa cin ƙwallaye a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay a 2018. Sunayen nan biyu na ƙarshe irin waɗanda ake kira kullum a lungunan zango ne, kuma yarinya takan miƙe zaune idan ta ji jarumar littafi takwarar yayarta ce.

Amma zaɓen mutum shi ne mai sauƙi. Inda yawancin masu fara wannan aiki suke tuntuɓe shi ne sai su ɗauko rayuwar baiwar Allah tun daga ranar suna har zuwa ranar da ta yi ritaya, su jera shekaru da lambobin yabo, su rufe da nasiha, alhali yaro ɗan shekara shida ba ya riƙe jerin shekaru. Abin da yake riƙewa shi ne rana ɗaya da wani abu ya faru. Saboda haka ki nemi wannan rana ki kafa littafin a kanta, yarinta da wahalar horo su zama hanyar da ke kai mai karatu gare ta, sauran tarihin kuma ki tattara shi a shafi ɗaya a ƙarshen littafin domin malamai da iyaye.

Tsawon rubutu kuwa injin ɗab'i ne ya riga ya yanke miki shi. Littafin hotuna na yara galibi shafi 32 ne, saboda ana buga shafuka takwas ko goma sha shida a kan babbar takarda guda sannan a naɗe a yanke, kuma idan kika cire shafin suna da na bayanin mawallafa da na ƙarin bayani, abin da zai rage wa labari bai wuce buɗi goma sha huɗu ba, wato shafuka bibbiyu masu fuskantar juna. Kalmomi 600 zuwa 900 sun wadatar. Ki ɗauki fallen takarda takwas ki ninka su biyu, ga shafi 32 a hannunki, sai ki rubuta da fensir abin da zai zauna a kowane shafi tun kafin ki nemi mai zane.

Bari in nuna miki amfanin wannan da labarin Chioma Ajunwa ta Najeriya, 'yar sandar da ta ci zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996 da tsallenta na farko a zagayen ƙarshe, mai nisan mita 7.12. A shafin dama tana tsaye a farkon layin gudu, jimla ɗaya kawai a ƙasa. Yaro ya juya shafi, sai ya gan ta a sama, ƙafafu a gaba, yashi na jiranta, babu rubutu ko kaɗan. Ya sake juyawa, ga allo ya nuna lambar, ga sauran gwanaye suna ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya ba su kamo ta ba. Hannun yaron da ke juya takarda shi ne ya yi aikin da marubucin manya zai yi da dogon bayani, don haka duk abin da zane ya nuna kada ki maimaita shi da alƙalami.

Batun ƙirƙirar magana, amsata a'a ce, kuma ba na sassautawa a nan. Muddin kin kira littafin tarihin rayuwa, duk maganar da kika sa a bakinta dole ne ta kasance ta faɗe ta, a wata hira da aka buga ko a gabanki, domin yaro ba shi da hanyar bambance abin da ya faru da abin da malama ta ƙara, kuma abin da ya karanta a wannan shekarun shi zai riƙe har ya girma. Haka nan ki yi hattara da cewa wance ce ta fara kaza. An saba cewa Alice Annum ce macen farko da ta wakilci Gana a Olamfik, amma Rose Hart ma tana cikin tawagar Tokiyo ta wannan shekarar, saboda haka ya fi inganci ki ce tana cikin matan farko. Armashin da kike nema yana cikin bincike: tsofaffin bugun jaridar Daily Graphic, ɗakin karatu na George Padmore a Accra, ofishin adana takardun tarihi na ƙasa wanda yake da reshe a nan Kumasi, da kuma ita kanta 'yar wasan idan tana raye, wadda ladabi ma ya buƙaci ki sanar da ita kafin ki buga. Hotunan jarida kuma mallakar masu su ne, mai zane zai iya duba su don ya gane kamanni da sutura, amma ba a kwafe su a buga ba tare da izini ba. Gaskiyar nan ta haɗa da abin da ba shi da daɗi. Ita Chioma Ajunwa an dakatar da ita shekara huɗu daga 1992 bisa gwajin ƙwayoyi, kuma wanda zai rubuta labarinta ba zai tsallake wannan ba, sai dai ya faɗe shi a jimla ɗaya mai sauƙi ya bar bayaninsa ga shafin manya.

Damuwar iyaye a kan sutura ba abin rainawa ba ce, tun da su ne za su sayi littafin. Mai zane yana da damar zaɓen inda zai tsaya: fuska a lokacin da ake jiran harbin bindigar tashi, ƙafa a kan layi, kayan ɗumama jiki masu dogon hannu a kan dandamalin karɓar lamba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a lulluɓa wa mace mayafin da ba ta sa ba a ranar. Nawal El Moutawakel ta Maroko, Musulmar da ta ci zinariya a gudun tsallake shinge na mita 400 a Los Angeles a 1984, da kayan gudu na yau da kullum ta yi tserenta, kuma haka za a zana ta. Idan kina son jarumar da ta fafata da hijabi, akwai Ibtihaj Muhammad ta Amurka, wadda ta samu tagulla tare da tawagarta a wasan takobi a Rio a 2016.

Saura harshe da bugu. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su, saboda haka wataƙila da kuɗinki ko da taimakon makaranta za ki fara, kuma sa Hausa da Turanci a shafi ɗaya zai buɗe miki kasuwa a wajen zango. Ki bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, ki tabbatar maɗaba'a tana da haruffa masu lanƙwasa, amma ki zaɓi kalmomin da yaran Aboabo da Asawase suke ji a gida. Kafin ki biya mai zane ko sisi, ki karanta wa ajinki rubutun da babbar murya daga wannan littafin gwaji na fensir, ki sa alama a duk shafin da suka fara surutu, ki koma ki rage shi. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ana neman ta ne ta hannun Hukumar Ɗakunan Karatu ta Gana.