Tambayi Likita: Asid a Magani da Asid a Jini

Tambaya: Likita, ina fama da gyambon ciki. An hana ni asfirin da ibufurofen, amma an ce farasitamol babu laifi. Ashe ba duk maganin ciwo ba ne?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Duk suna rage ciwo, amma ƙirarsu ta bambanta. A jikin sinadarin asfirin akwai wani ɗan gungu da ake kira kaboksil: kabon ɗaya, oksijin biyu, haidurojin ɗaya. Saurin sakin wannan haidurojin ne ya sa asfirin ya zama asid. Ibufurofen da daikulofenak ma suna ɗauke da gungun. A cikin ruwan ciki mai tsami maganin yana riƙe haidurojinsa, sai ya ratsa bangon ciki cikin sauƙi, can ya sake shi, ya maƙale yana ɓarna.

Babbar illar ma ba nan take ba. A 1971 John Vane na Ingila ya nuna cewa asfirin yana hana jiki haɗa furostagilandin, sinadarin da ke sa ciki ya shafe kansa da yauƙin da ke kare shi. Dangin asfirin ma haka suke yi. Shi ya sa hankalina ke tashi idan mai gyambo ya ce ai allurar daikulofenak aka yi masa, ba haɗiya ya yi ba. Ta jini ma cikin bai tsira ba.

Farasitamol kuwa gungun finol gare shi, mai riƙe haidurojinsa gam, kuma bai cika taɓa yauƙin nan ba. Hanta yake yi wa illa idan ya yi yawa, don haka babba kada ya wuce giram 4 a rana. Ka ga bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, ka garzaya asibiti.

Tambaya: Ina da juna biyu, ga ƙwannafi, kuma an rubuta mini folik asid. Ba zai ƙara mini ba?

Amsa: 'Yar'uwa, ki sha abinki. Kaboksil biyu gare shi, amma maikurogiram 400 bai kai ya ƙara tsamin ciki ba. Yana taimakawa wajen kare lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa daga tawaya, musamman a makonnin farko.

Tambaya: Ɗana mai ciwon suga ya kwanta asibiti, aka ce asid ya taru a jininsa. Wani abu mai tsami ya ci?

Amsa: A'a Hajiya, jikinsa ne ya haɗa shi. Idan insulin ya yi ƙaranci, hanta kan juya kitse zuwa wasu sinadarai da ake kira kiton, biyu daga cikinsu kuwa masu kaboksil ne. Ma'aunin tsami (pH) na jinin mai lafiya tsakanin 7.35 da 7.45 yake, su kuma sai su ja shi ƙasa, wato jinin ya ƙara tsami. Ki lura da ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri. Ko ya ƙi abinci don rashin lafiya, kada a tsayar masa da insulin sai da shawarar likitansa. Da alamun nan sun bayyana, ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti.