Yadda ake auna ɓarnar mus a gandun daji

Malam, ka tambayi yadda ake tabbatar da cewa mus, ƙatuwar dabbar nan dangin barewa ta ƙasashen sanyi, ita ce ke hana daji sake tofowa, kuma ko dabarar za ta yi amfani a nan Kaduna.

Babbar dabarar ita ce killacewa. Ana kewaye ɗan fili da dogon shingen waya, a bar makamancinsa a buɗe kusa da shi, sannan duk shekara a ƙirga ƙananan itatuwan kowanne, a auna tsayinsu, a duba rassan da aka gutsire wa kai, domin itacen da ake cinye tohonsa yakan shekara da shekaru bai wuce gwiwa ba. A tsibirin Newfoundland na Kanada, inda aka kai mus a 1904 kuma kyarketai, masu iya cinye ta, suka ƙare, ɓarnar ta kai ga ba da izinin farautarta a gandun Gros Morne tun 2011.

A ganina za ta yi amfani sosai a dajin Afaka ko Kamuku wajen auna kiwon shanu da awaki, amma dole a riƙa rubuta gobarar rani da saran itace daban, don kada a ɗora wa dabbobi laifin da ba nasu ba.