Muryar Baba Idi mai gyaran keke kan jiran wanda ya faɗi a tsere

(An rubuta ta don waɗanda megarsu ba ta isa su saurara ba.)

Salamu alaikum jama'ar gurup. Laminu ɗana, na ga bidiyon da ka saka na ɗan tseren keke Vingegaard da ya rage gudu ya jira abokin hamayyarsa Pogacar bayan ya faɗi, na ji ka ce wauta ce, tsere ake, wanda ya faɗi Allah ya kā da shi, a ba ta wuta. Alhaji kuma ya ce a'a, tsabar kirki ne. To Alhaji a gafarce ni, ku duka biyun akwai abin da kuka bari a baya.

Da farko dai, babban abokin gāban mai tseren keke iska ce, ba mutum ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke hanyar Ɗan Isa lokacin hunturu, iska tana dukan ƙirjinsa, sai kamiyo mai nauyi ya wuce a hankali ya laɓe a bayansa, ya san yadda ƙafa take samun sauƙi nan take. To haka abin yake a can. Wanda ya manne wa tayar wani daga baya yana rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala. Shi ya sa a gasar Tur ta Faransa kowace ƙungiya mutum 8 take kawowa, amma galibi ɗaya ne ake so ya ci, sauran bakwai ƴan aiki ne. Su ne ke tare masa iska, su koma baya wurin motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa cikin riga har a wuya su kawo masa, in kekensa ya lalace ɗaya ya sauka ya miƙa masa nasa ya tsaya a bakin hanya.

Kuma ba wasan yini ɗaya ba ne. Zango 21 ne cikin mako uku, mutum sama da 170 a cunkushe, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma su ɗin dai ne za su sake haɗuwa a Italiya da Sifen da Beljiyam duk shekara. Ka ga wanda ka ci amanarsa yau, gobe kana bukatar ya karɓe ka a gaba ku kamo waɗanda suka tsere. Babu inda hukumar tseren keke ta duniya ta rubuta cewa a jira wanda ya faɗi. Al'ada ce tsakaninsu: ba a kai wa mai rigar ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a jimillar lokaci, hari in ya faɗi, ko tayarsa ta fashe, ko ya tsaya fitsari. Bashi ne suke bin juna, kowa na riƙe da lissafinsa a kai.

Yanzu bidiyon naka. Wannan gasar Tur ta 2022 ce, zango na 18, suna gangarowa daga dutsen Spandelles. Shi kansa Vingegaard saura kaɗan ya sha ƙasa kafin nan, tayarsa ta baya ta zame ya daidaita. Can gaba Pogacar ya shiga kwana da faɗi, ya taka tsakuwa ya kife, wando ya yage a cinya. Vingegaard ya daina taka feda yana waiwaye har ya iso, Pogacar ya miƙo hannu suka gaisa. Abin ya yi kyau, ban musa ba. Amma Laminu, duba lissafi. Vingegaard yana gaba da minti 2 da daƙiƙa 18 a jimilla. Bai da dalilin jefa ransa cikin gangara shi kaɗai. Ga abokin aikinsa Van Aert yana can gaba yana jiransa, ga kuma dutsen Hautacam bai zo ba. Ana cikin hawan, Van Aert ya ja su da gudun da Pogacar ya kasa bi, Vingegaard ya tafi ya ci zangon da ratar sama da minti guda. Wato ya jira inda jira ba ya cutar da shi, ya doke shi inda ba wanda zai ce sa'a ce. Wannan kake kira wauta?

Wadda ta fi ɗaure kai ita ce ta 2010, kuma har yau masu son keke ba su gama gardamarta ba. Andy Schleck ɗan Lukzambur ke sanye da ɗorawa, yana gaban Contador ɗan Sifen da daƙiƙa 31. A dutsen Port de Balès, Schleck da kansa ya tashi tsaye ya kai hari. Sai sarƙa ta zame. Contador ya wuce shi fiu, bai tsaya ba. Schleck kuwa ya sauka yana fama da sarƙa da hannu, ya hau, ya kora, amma ya yi asarar daƙiƙa 39. Da aka kira Contador ya sa rigar, ƴan kallo suka yi masa ihu, daga baya har ya fito a bidiyo ya nemi afuwa. Abin mamaki, da aka isa Faris, ratar da ya ci gasar da ita daƙiƙa 39 ce cif. A 2012 aka ƙwace kofin saboda an samu haramtaccen magani a jikinsa, aka ba Schleck, amma wannan wani zance ne daban.

Ni dai, a matsayina na mai taɓa sarƙa kullum, ban ɗora wa Contador laifin da mutane suka ɗora masa ba. In ka canja giya kana tsaye ka danne feda da dukan ƙarfinka, sarƙa tana iya tsalle ta faɗa tsakanin faranti da ƙarfen keke, yaran da ke kawo mini kekuna masu giya sun san wannan. Iya sarrafa keke yana cikin gasar. Kuma kai ne ka fara harin, kowa ya riga ya buɗe wuta, mutum numfashinsa na fita da ƙyar, sai a ce ya taka birki don naka ya tsaya? Faɗuwa saboda ɗan kallo daban. Irin ta 2003 ke nan, da igiyar jakar wani ɗan kallo ta sarƙe kan keken Armstrong mai rigar ɗorawa ya faɗi a dutsen Luz Ardiden, abokin hamayyarsa Ullrich da sauran suka sassauta har ya dawo. Shekara biyu kafin nan Armstrong ne ya jira Ullrich da ya faɗa gefen hanya. Ka ga bashi an biya.

Amma Alhaji, kar ka ɗauka kullum ana biya. A gasar Italiya ta 2017, Quintana ɗan Kolombiya ya faɗi a gangara, Dumoulin ɗan Holan da ke jagora ya sa aka rage gudu har ya kamo su. Zangon da ya biyo baya, na 16, ana gab da hawan dutsen ƙarshe, cikin Dumoulin ya murɗa. Ku yi haƙuri da maganar, amma duniya ta gani a tele: ya jefar da keke, ya cire hular kwano da riga, ya ruga cikin ciyawa ya tsuguna. Su Quintana da Nibali ɗan Italiya suka ɗan yi jinkiri kaɗan, suna kallon juna, sannan aka ci gaba da tafiya. Hujjar da aka kawo ita ce akwai wasu da suka tsere a gaba, in an tsaya su za su ci riba. Dumoulin ya hau dutsen nan shi kaɗai, iska duk a kansa, ya yi asarar minti biyu da wani abu, ya riƙe rigar jagora da daƙiƙa 31 kacal. Nan kam, in ni ne alƙali, na ce an yi masa rashin kunya, don shi ya fara yi musu alheri kuma abin ko hucewa bai yi ba. Daga baya Quintana ya karɓe rigar, amma ranar ƙarshe a Milan, a tseren da kowa ke gudu shi kaɗai da agogo, ya ƙwato rigar daga hannun Quintana ya ci gasar, ɗan Holan na farko da ya taɓa cinta.

Laminu, wannan bidiyon na Dumoulin kar ka sako shi a gurup, akwai iyayenka a ciki. Wassalam.