Fasto, ka tafi taron keɓewar nan

Ƙanena Fasto, salama a gare ka. Ka ce an kira ka taron keɓewa na shugabanni, amma dattawa sun sa ka gaba, kuɗin mota babu, kuma kana tsoron kafin ka dawo an gama shirya maka. Ka tafi. Ko rance za ka ci, ka tafi.

Ni ma na sha wannan ruwan a nan Sakkwato. Bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a Mayun 2022, da dokar hana fita da aka sa, ka san yadda majami'u suka koma. Wasu iyalai sun tattara sun tafi gida, baiko ya ragu, rufin da muka fara ya tsaya cak. A cikin wannan halin ne wani dattijo, mutumin da na kwana a asibiti lokacin da ɗansa ba lafiya, ya miƙe a taron ikilisiya bayan sujada ya ce a tambayi Fasto ina kuɗin kwano. A gaban matata. A gaban yaran da na yi wa baftisma. Yana riƙe da littafin baiko yana kaɗa shi sama kamar ya kama ɓarawo a kasuwa. Kuɗin nan kuwa yana banki, shi ma ya sani, don da sa hannunsa aka ajiye. Ba wanda ya ce uffan. Shirun sauran dattawan ya fi maganarsa ƙona mini rai. Ranar nan Mama, wato matata, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, tuwon dare ya kwana a tukunya. Ni kuma na zauna a tsakar gida cikin zafin nan namu, ba wuta, na rubuta takardar ajiye aiki a waya. Har yau mutumin bai ce mini yi haƙuri ba. Muna gaisawa, ina ba shi Jibin Ubangiji da hannuna, amma Allah ya san abin bai gama warkewa ba.

Da takardar a waya na tafi Miango, gidan hutun nan da mishan ɗin SIM ya kafa kusa da Jos. Gaskiya darussan da aka haska a bango kaɗan na riƙe. Abin da ya shige ni wani Baba Rabaran ne mai ritaya da aka haɗa mu rukuni. Na zazzage masa komai, ina jiran ya ce an zalunce ni. Sai ya tambaye ni sa'a nawa nake barci. Ya buɗe 1 Sarakuna 19, inda Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, ya nuna mini mala'ika bai fara da wa'azi ba, abinci ya ba shi ya bar shi ya sake kwanciya. Daga baya ne Ubangiji ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Na yi kuka kamar ba fasto ba.

Washegari muka yi Fitowa 18, shawarar Yetro ga Musa: shugabannin dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. Mun karanta wannan a makarantar Littafi Mai Tsarki don jarrabawa, amma ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake yinsa a ikilisiyar da rabinta sojojin barikin Giginya ne da ɗalibai da ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki kowace shekara. Kana horar da mutum, sai a ɗauke shi. Duk da haka ka horar.

Batun kuɗi kuma, ka cire hannunka gaba ɗaya. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, duba 2 Korantiyawa 8. Mutum biyu su ƙirga baiko, na uku ya rubuta, a karanta rahoto a fili duk wata uku. Da na dawo haka muka yi, kuma zumuntar mata ce ta fi riƙe abin da gaskiya. Kada ka raina su, su ne suka gama rufin nan da adashe.

Kafin ka tafi ka kira dattawan, har wanda ya fi matsa maka, ka raba musu wa'azin Lahadi da ziyarar marasa lafiya a rubuce. Wanda aka ba aiki ba ya samun lokacin taron bayan fage sosai. In da hali ka tafi da matarka, don matan fastoci su ne suke jin maganganun da ba a faɗa a gabanmu, kuma ba wanda yake kiransu taro. Wannan yana damuna ƙwarai, ya kamata shugabanninmu su duba.

Ka kama hanyar Gusau da sassafe, kada ka yarda da motar yamma ko direba ya ce me. Ka ɗauki rigar sanyi. Batun kuɗin mota ka neme ni ta sirri, akwai abin da zan iya sa maka, kuma zan yi wa 'yan'uwa biyu magana.